Bakari da Tayoyin Soja

Duk wanda ya yi wayo a Haɗeja kafin Turawa su tattara komatsansu ya san Bakari direba, Babarbare, gajere mai wuya kamar turmi. Shekara tara yana jan babbar motar wani attajiri, yana kwaso bandar kifi daga Kirikasamma zuwa tashar jirgi ta Malam Madori. Ƙarnin kifi ya kama jikinsa har kuliyoyin unguwa na raka shi masallaci.

Abin da ba wanda ya sani, har matarsa Fanna, shi ne yanar ido ta soma rufe masa gani. Abin da ke gaban hancinsa yana gani, amma taku ashirin gaba sai fari fat kamar an watsa koko. Ya san ranar da maganar ta fita, ranar za a karɓe sitiyari, shi kuwa ban da tuƙi ko akuya bai iya ɗaurewa ba.

Busasshiyar hanya ba ta ba shi wuya, don sawun taya ya yi kwari, mota bi kawai take. Fadama ce matsalar. Da damina kogi kan malalo ya shafe hanya, ruwa iya gwiwa, gefe da gefe kuwa gurbi ne mai haɗiye raƙumi. An kakkafa turaku don direbobi su ga inda kwana take. Bakari ba ya ganinsu, mitar mota mai ƙirga mil yake bi. Daga gindin wata kuka a bakin ruwan, in lambar ƙarshe ta juya sau goma, mil guda ke nan, sai ya karya hagu. Yakan kifa fuska a gilashin mitar, fasinja suna dariya wai Bakari na sansanar motarsa.

Wata shekara mai motar ya sayo tayoyi a gwanjon kayan soja, manya, masu ƙafa kamar ta giwa, don kada taɓo ya ƙara riƙe masa kaya. Tukur makaniki ne ya ɗaura su, Bafulatani siriri, abokin wasan Bakari tun suna samari.

Motar ta yi tsayi ta yi kwarjini, amma ta lalace da lalaci. Da a giya ta biyu take tashi, yanzu sai ta yi tari ta mutu. In an sa ta huɗu a ɗan tudu, sai ta hau rawar ɗari.

"Kai Bafillace," in ji Bakari, "saniya na ce ka yi mini aure da ita, ko mota na kawo gyara?"

"Bawana, rufe mini baki. Jaki aka sa wa takalmin raƙumi. Tashi a ta ɗaya, ka ja kowace giya sai injin ya yi kuka kafin ka sake. Kuloci kuwa na ɗaure maka."

"Mitar fa?"

"Ƙarya take yi yanzu. Taya babba, taku babba. Ka yi mil goma, ta ce tara. Sai an samo wani ɗan ƙarfe mai haƙora daga Kano. Ina ruwanka da ita? Ba ido gare ka ba?"

Bakari ya yi dariya fiye da yadda maganar ta cancanta. Washegari ya gwada tsakanin duwatsun mil na hanyar Malam Madori, ya tarar gaskiya ne. Ya mayar da gomarsa tara. Sau shida ya ƙetare fadama a kan tara, ko tangarɗa babu.

Ran wata Juma'a ya bar motar a garejin Tukur a duba birki, ya tafi masallaci. Ashe ɗan ƙarfen ya iso a jirgin safe. Tukur ya ɗaura shi, mita ta koma faɗin gaskiya, ya yi gum da bakinsa. So yake Babarbare ya gane da kansa, ya zo ya durƙusa ya yi godiya a gaban jama'a.

Asabar da hantsi Bakari ya ɗauki buhunan gishiri da fatake shida. A cikinsu akwai Malam Shu'ibu mai sayen kifi, dattijo, wanda ya kishingiɗa tsakanin buhuna a baya. Suka wuce kukar, suka faɗa ruwa. Bakari ya kifa fuska. Bakwai. Takwas. Tara. Ya murɗa sitiyari hagu.

"Direba! Ga turaku can gaba!"

Ya ji ihun fataken, ya ji ƙasa ta kuɓuce wa tayar gaba. Motar ta kwanta a hankali kamar saniya za ta yi tuƙa. Masunta suka ciro mutum biyar da shi kansa. Malam Shu'ibu sai da la'asar aka zaro shi daga ƙarƙashin gishiri.

Tukur ya same shi a bakin ruwa, zaune, rigarsa na ɗiga.

"Bakari, rana tsaka, turaku a tsaye. Me ya kai ka?"

"A kan tara na karya."

"Wace tara? Ai jiya na gyara..." Sai ya tsaya. Ya ja da baya taku ashirin, ya ɗaga hannu. "Yatsa nawa?"

Bakari ya juya fuska wajen muryar, yana laluben hannun da ido.

A gaban alƙali bai ambaci mita ba, bai ambaci Tukur ba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shekara biyu ke nan ba na gani, na ɓoye. Ni na kashe shi." Aka karɓe lasin, aka ba shi wata goma sha takwas a gidan yari. Kafin ya fito yanar ta gama aikinta.

Sauran shekarunsa a kan benci ya yi su, a bakin garejin Tukur. Fanna ta kawo shi da safe, ta zo ta ɗauke shi da yamma. In mota ta wuce sai ya karkata kunne ya ce, "Wannan ɗan banza ya sa ta uku da wuri." Tukur ke ba shi abincin rana, bai taɓa fashi ba. Amma daga ranar nan bai ƙara ce masa bawana ba, Bakari kuma bai ƙara tambayarsa labarin shanu ba.