Agogon Numfashi a Motar Baba

Babana da kunne yake tuƙi. Kowa a layinmu na Agege ya san haka. Muna zaune muna cin tuwo mota za ta wuce ƙofar gida, sai ya tsaya da loma a hannu ya ce, "Wannan fulogi ɗaya ba ya ci." Tasa motar tsohuwar akori-kura ce mai kafireta, wadda yake kai wa 'yan kasuwa albasa da tumatir Mushin da Idi-Araba. Da ita ya ciyar da mu, da ita ya aurar da yayyena, kuma ban taɓa jin ta mutu masa a hanya ba, domin tun ciwonta yana ƙarami yake jin sa.

Sai kunnen ya fara tafiya. A hankali abin ya zo. Rediyonsa ta ƙara ƙara har maƙwabta suna shan labarai kyauta. A yi masa sallama ya wuce, a yi magana ya gyaɗa kai yana murmushi. Hon dai yana ji, don hon ɗin Legas ko gawa ya tasa, likita ma bai hana shi tuƙi ba. Ƙananan kukan inji ne suka ɓace masa, waɗanda da su ya fi kowa. Motar ta fara mace masa a tsakiyar gosulo da kayan mutane a baya. Rannan tumatir ɗin wata mata ya narke a rana, ta zo har gida ta wanke shi tas, ya sunkuyar da kai kamar yaro.

A gidan ba mai iya furta kalmar kurumta. Yayanmu babba ne kawai ya ce wa Inna, idan motar ta sake tsayawa a titi, dole Baba ya ajiye makulli. Ni kuwa na san Baba. Ranar da aka karɓe masa makulli don kunne, ba don shi ya ga dama ba, ranar an gama da shi.

A lokacin ina ɗinki a wani shago a Ikeja, shi yake sauke ni da safe. Wata rana na ji injin yana wani tsaki mai tsawo, kamar taya tana sacewa, motar kuma tana kakkarwa idan ya tsaya. Na ɗaga murya na gaya masa. Ya ce, "Ke keken ɗinki kika sani." Raina ya ɓaci, don ni ba na iya haɗiye magana, tun ina yarinya aka san ni da haka. Amma da Asabar ta zo sai ya ce in raka shi gareji, wai ko zan sayi zare a hanya. Ba zare a hanyar garejin. Kunnena yake so ya ara.

Bakaniken nasa dattijo ne Bayarabe, abokinsa tun kafin a haife ni. A Kano ya yi ƙuruciya, don haka Hausarsa ta fi ta wasunmu 'yan Legas. Yana hango mu ya kware murya.

"Alhaji, ka kawo mini gawar taka?"

"Gawa ai kai ne, manja ya gama cinye ka!" in ji Baba.

Dattijon ya buɗe bonet injin yana aiki. Tsakin nan ya fito fili, har mai sayar da ruwa da ke wucewa sai da ya waiga. Wani tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska. Baba ya karkata kai yadda ya saba, ya yi kamar yana saurare, sannan ya ce, "Ina zaton fulogi ne."

Dattijon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Ni kuma na ga dama ta samu. Da Yarbanci na fara ce wa dattijon, "Baba, ai gaskiyar magana ba ya..." Bai bari na ƙarasa ba. Ya juya wa babana baya, ya sunkuya cikin injin, ya ce mini ƙasa-ƙasa da Yarbancin, "Yi shiru, 'yata. Ina da ido." Ya ɗago ya ce wa Baba da ƙarfi, "Fulogin ma za mu duba. Bari in fara canza wannan tiyon, ya tsufa kamar mai motar."

Da ya gama sai ya shiga ɗan shagonsa ya fito da kwali. A ciki wani abu ne kamar agogon tebur, mai allura ɗaya, fuskarsa da ja da rawaya da kore.

"Alhaji, alfarma nake nema. Wani yaro ya kawo mini wannan daga kasuwar kayan mota, wai yana nuna numfashin inji. Ni ban yarda da shi ba. So nake in gwada shi a motar wanda ya san inji da gaske. Ka riƙa duba shi, ka gaya mini ko ƙarya yake yi."

"Au, ni ka mayar abin gwaji?"

"To wa zan ba? Waɗannan direbobin bas na danfo da ba su san bambancin inji da janareta ba?"

Baba ya yi ta gunaguni, ya ce motarsa ba amarya ba ce da za a yi ta rataya mata kaya. Daga ƙarshe ya ce a saka, saboda zumunci.

Ina zaune a kan tsohuwar taya na kalli aikin. Ya nemo wani siririn tiyo da ya fito daga ƙarƙashin kafireta, inda inji yake zuƙar iska, ya yanke shi, ya sa ɗan mahaɗi mai baki uku a tsakani. A baki na ukun ya cusa sabon tiyo, ya zura shi ta ramin da wayoyi suke bi su shiga cikin mota, ya ɗaure shi nesa da inda zafi yake. Agogon kuma ya kafa shi da sukurori a gefen sitiyari, ya sa Baba ya zauna ya gwada, ya gyara shi har sai da ya zo daidai inda ido zai faɗa ba tare da an bar kallon titi ba. Ya ja masa waya daga fitila don ya riƙa haske da asuba.

Aka tayar da mota. Allurar ta hau kore ta tsaya cak.

"Wai in ji yaron," dattijon ya ce yana fuskantar Baba sosai, "idan ta tsaya nan, lafiya lau. Bari mu kama shi da ƙarya." Ya zare wayar fulogi ɗaya. Allurar ta kama rawa. Ya mayar, ta natsu. Ya zare wani ƙaramin tiyo, tsakin nan ya dawo, allurar ta sauka rawaya ta zauna. Ya sa Baba ya taka totur ya saki, ta faɗi ƙasa ta sake tashi. Kowane ciwo da ya ƙirƙira sai ya ce wai yaron ne ya faɗa, Baba kuma ya ce, "Wannan ai kowa ya sani." Amma idonsa bai bar allurar ba, har leɓensa yana motsi.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka maƙale a gosulo, Baba yana kallon allurar tsaye a kore, ya ce a hankali, ba da ni yake ba, "Gani ya kori ji." Iyakar abin da na taɓa ji ya faɗa game da kunnensa ke nan. Na juya fuskata waje, hawaye suna zuba, wani mai tallan biskit yana ta cusa mini kayansa ta taga.

Motar ba ta sake mutuwa a titi ba. Da allurar ta fara wasa sai ya wuce gareji ya ce, "Agogonka ya ce bawul, duba mu ga ko ya yi gaskiya." Matar tumatir ta dawo, yayanmu ya bar zancen makulli. Duk zuwa dattijon zai tambaya, "Yaya gwaji, Alhaji?" Baba ya ce, "Da saura." Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa yin dariya a cikinsu.

Ni da na so in fasa ƙwai a ranar, har yau idan na tuna dattijon nan sai in ji zuciyata ta cika da godiya. Gyaran mota kowa yana yi. Shi mutuncin babana ya gyara, a gaban 'yarsa, kuma ya yi kamar shi aka yi wa alfarma.

Baba ya bar tuƙi da kansa, lokacin da gwiwa ta fara hana shi taka kulochi. Wani ɗan Maraɗi ya sayi motar. Kafin a zo ɗauka, Baba ya kwance agogon da hannunsa, ya toshe tiyon, ya naɗe shi a ƙyalle mai tsabta, ya ce in raka shi. Mun tarar da dattijon a kan benci, 'ya'yansa ke aikin yanzu. Baba ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ga kayanka. Na gama gwaji. Ba ya ƙarya."

Dattijon ya karɓa ya ɗora a cinya. Baba bai saki hannunsa ba. Ya ce, "Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira."

Amin ɗin da dattijon ya ce ko ni da kyar na ji. Baba kuwa bakinsa yake kallo, ya gyaɗa kai.