Ɗan Masaƙin da Bai Taɓa Zare Ba

Ni ban taɓa zama aji ba, kuma ban jin kunyar faɗa. Abin da na sani, gindin murhun kakata Inna Ige na samo shi, nan Unguwar Rogo, tun gidaje ba su matse juna haka ba. In anka sallaci isha'i, sai ta tura karan dawa cikin wuta, mu jikoki mu kewaye ta. Wanda duk yay yi gyangyaɗi, carbi zai ji a ƙeya.

"Ga ta nan bakin ƙofa," in ji ta.

"Ta shigo mu ji ta!"

Akwai tatsuniyar da munka fi so, ta wani masaƙi mai ɗa guda. Masaƙin nan gwani ne, amma yana tsoron ɓarna awa mutuwa. Kullum ɗan na zaune gefenai, yana koyon sunan kowane kayan saƙa: wagga ƙoshiya, wagga allera, ga yadda ake taka ƙafa. Da yaro ya miƙa hannu sai uban ya buge shi: "Bari, kada ka tsinka min zare!" Yaro ya girma, in yana bayanin saƙa sai ka rantse shi yaf fara ta a duniya.

Ran nan uban yar rasu. Mutane sunka ce, "To, ɗan gwani, saƙa wa ubanka likkafani." Yaz zauna, yaj jefa ƙoshiya mai ɗauke da zare, taf faɗi ƙasa. Zare yah harɗe. Har rana tak kusa faɗuwa bai saƙa faɗin tafin hannu ba. Da tsohon zanen maƙwabci anka rufe sarkin saƙa.

A nan Inna Ige kan kwaikwayi yaron yana lalube, mu kuwa mu yi ta dariya har da hawaye. "Ku yi dariya, 'yan nema," takan ce. "Hannun da bai ɓata ba, bai gyarawa. Ƙurunƙus, ku tashi hayaƙi na cin idona."

Bara jikana Basiru, maraya ne, ni nar riƙe shi, yas shiga wata cibiyar koyon sana'a wajen Arkilla. Ɗinkin takalma da jakar fata, da injunan zamani masu aiki da lantarki. Na yi murna. Fatar jar akuyarmu ta daɗe tana fita gari ɗanya, ta dawo mana takalmin kanti.

Kullum in ya dawo nakan tsokane shi, "Maigida, ina takalmin amarya?"

"Tsohuwa, ki yi haƙuri. Injunan na cikin leda. Malam ya ce in munka lalata guda, shi za a kora."

Ban ga laifin malamin ba, shi ma yana da iyali. A allo yake zana musu injin, su haddace sassanai. Ranar da manyan baƙi sunka zo anka yaye ledar, anka tsai da su Basiru gefe, anka ɗauki hoto, anka mayar.

Da sunka gama, yat tafi gwaji shagon wani mai takalma a Sabon Gari. Mutumin yan nuna mai inji da guntun fata, yac ce, "Bismilla." Basiru ya san sunan kowane ƙarfe a jikin injin nan. Zare yak kasa zurawa.

Bai ci tuwo ba ran nan. Na ce ya koma ya roƙi mutumin ya ɗauke shi ko shara ce. Yac ce, "Na roƙa, Hajiya. Ya ce yaranai sun ishe shi."

Mu da munka yi dariya gindin murhu, ba wanda yat tambayi Inna Ige ina ɗan masaƙi yan nufa bayan jana'iza. Ita ma ba ta faɗa ba. Sai da tsufana na sani, don ni nar raka shi har tasha, Basiruna. Bayan motar albasa yah hau, mai zuwa Kudu, wai can ana neman 'yan dako.