Mai Ɗauko Mini Littafi

Na yi shekaru ina cin moriyar ɗakin karatu na Kazaure, amma ban taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Abin da na sani game da shi daga bakin maigidana na ji: ɗaki ne guda mai rufin kwano, da bencina, da kabad na littattafai, da tebur inda ake shimfiɗa jarida idan mota ta kawo ta daga Kano. Saura kuma hancina ya gaya mini, don kowane littafi da warin maganin gara yake zuwa.

A wani ƙauye kusa da Roni na yi aure, bayan na gama firamare, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Maigidana tela ne. Ya yi karatun allo daidai gwargwado, awon mutane ma da ajami yake rubutawa a jikin bango, amma boko ko baƙi ɗaya bai sani ba. Wata rana ya same ni ina karanta guntun jaridar da aka ƙunso masa maɓallai a ciki, in karanta gaba, in juya baya, in sake dawowa. Mako na zagayowa ya hau kekensa ya tafi Kazaure sayen zare da yadi, sai ga shi da littafi a cikin jaka.

A lokacin matar aure ba ta zuwa irin wurin nan, kuma namiji mai ji da kansa ba ya tsayawa gaban maza ya ce matarsa ce ta aiko shi. Don haka da sunansa yake aro. Zaɓen littafi kuwa da ido yake yi, yadda yake zaɓen yadi: ya duba kauri, ya duba launin bango. Na karanta labarai masu daɗi, na kuma karanta littafin cututtukan kaji daga farko har ƙarshe, alhali ko ɗan tsako ba ni da shi. Akwai ranar da ya kawo mini wani ƙato na Turanci a kan gyaran tarakta. Na yi fushi, na ce masa wannan ko matashin kai ba zai yi ba. Duk da haka na karanta abin da na iya, tunda babu wani.

Matsalar ita ce malamin da ke kula da ɗakin, dattijo mai son hira, wanda ya gaji da 'yan makaranta masu zuwa shan inuwa. Da ya ga magidanci yana aro kowane mako sai ya riƙe shi hannu bibbiyu. Duk littafin da maigidana ya mayar sai malamin ya tambaye shi yaya ya gan shi. Nan aikina ya ƙaru. Ranar tafiya, yana shan koko ina ba shi labarin littafin a taƙaice, har da inda ya kamata ya ce marubucin ya shirga ƙarya. Kansa na ja, ba ya mantuwa. Wani lokaci ya dawo mini da gardamar malamin, in ba shi amsa ya kai wani mako. Haka na daɗe ina musu da mutumin da bai san da zamana ba, kuma ina jin daɗin abin ƙwarai.

Na san abin ba mai ɗorewa ba ne, na kuma san halin mijina. Mutum ne da aka taɓa yi wa dariya a wata majalisa kan ɗinkin aljihu, ya daina bi ta unguwar gaba ɗaya. Na sa a raina cewa ranar da asiri ya tonu, ranar littafi zai daina shigowa gidanmu. A ƙauyen kuwa babu abin karantawa sai rubutun jikin buhun taki.

Ranar ta zo lokacin da gwamnati ta ce motoci su koma bin hannun dama. Direbobi da masu keke suka cika ɗakin suna son a karanta musu abin da jarida ta ce, malamin kuma mura ta dakushe masa murya. Ya duba cikin taron, ya hango babban mai karatunsa, ya miƙa masa jaridar ya ce ya taimaka wa jama'a.

Ba daga bakin maigidana na fara ji ba. Wani maƙwabcinmu direba yana wurin, kuma mota ta fi keke sauri. Matarsa ce ta shigo mini da labarin, tana yi tana duban fuskata. Ta ce maigidana ya karɓi jaridar ya riƙe ta ɗan lokaci, sannan ya ajiye a kan tebur ya ce, "Malam, ni ban iya ba. Mai ɗakina ce ke karantawa, ni ɗaukowa nake yi." Aka yi ta dariya, wani ya ce ashe mijin malama ne. Sunan ya riga shi isowa ƙauye, kuma ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya dawo bayan la'asar. Na kai masa ruwa. Ya sha, ya buɗe jaka ya miƙo mini wani siririn littafi, ya ce malamin ne ya zaɓa da kansa, kuma yana gaishe ni. Raina ya ɓaci ƙwarai saboda tausayin maigidana, don na san abin da ke jiransa a bakin masallaci da kasuwa. Na ce, "Maigida, ai da ka ce idonka ke ciwo."

Ya ce, "In na ce ido yau, wani mako in ce me? Ƙarshenta sai in daina zuwa. Ke kuma ki karanta me?"

Na shiga ɗaki na ajiye littafin a kan gado, na yi kwanaki na kasa buɗe shi. Ana gobe zai koma Kazaure ya leƙo ya ce in ban gama ba in hanzarta, don malamin ya ce wannan karon ra'ayina yake son ji.