Karan Sigari a Jinkar Rumbu

Maigidana yana shan taba, duk ƙauyenmu na bayan Tudun Wada an sani, amma a gaban manya sai ka rantse ko warinta bai taɓa ji ba. Ganyen da yake nomawa a bayan gida yake murzawa, ya naɗe a ɓawon masara. Tabar nan tana da wani hali mai ba shi haushi: da ya daina zuƙa sai ta mutu. Kullum yana leƙo madafi neman garwashi yana tsaki, ni kuwa ina tsokanarsa cewa tabarsa ta fi shi kunya.

Halin nan nata ya koya masa dabara. In ya hango babba tafe, sai ya soka ta a jinkar rumbu, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Kafin a gama tambayar gida da gajiya ta mutu, in baƙo ya tafi ya zaro abarsa.

Wata kaka da gyaɗa ta yi kyau, ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, ya dawo daga kasuwa da kwalin sigari na kanti. Ya kunna kara ɗaya yana yi mini fankama.

"Kin ga wannan? Ko ajiye ta aka yi ba ta mutuwa. Kin huta da ba ni garwashi."

Ana nan sai mahaifina ya zo daga Bebeji da hantsi, ina daka. Maigidan yana jingine da rumbu, sigari a baki. Sallamar surukinsa kawai ya ji, hannunsa ya yi abin da ya saba.

"Baba, sannu da zuwa. Ya aka baro mutanen gida?"

"Lafiya lau, ɗana. Tashi mu koma zaure, ƙafata ta gaji."

Daga baya maigidan ya gaya mini suna zama ya tuna da sigarin. Amma Baba ya riga ya ɗauko labarin rashin lafiyar ƙanensa, kuma wa yake miƙewa suruki yana magana? Sai ya sunkuyar da kai yana amsawa, yana roƙon Allah ta mutu kamar ta ɓawon masara.

Ni na fara jin ƙauri. Kafin maƙwabta su iso da tuluna jinka ta rufta ciki. Dawarmu, geronmu, har irin shuka, duk muna kallo suka zama toka. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Baba ya tsaya a kan tokar, rigarsa duk ta jiƙe, ya dube ni.

"Daga madafi ta tashi ko?"

Na ga maigidan ya buɗe baki. Na riga shi.

"E, Baba."

Har Baba ya koma ga Allah yana yi mini faɗan sakaci da wuta, ban taɓa musa masa ba.

'Yan'uwa sun taimaka da dami-dami, amma hatsin taimako ba ya kai gida damina. Da rani maigidan ya bi samari haƙar kuza a Riruwai, shi da bai san komai ba sai fartanya. Ya ce zai dawo kafin ruwan shuka. Rami ya rufta da shi. Buta da bargonsa aka kawo mini.

Kwanakin baya jikana ya zo yana ba ni labari cike da mamaki, wai yanzu a ƙasashen Turawa ana yin sigari mai mutuwa da kanta in an ajiye ta, don gudun gobara.

"Kaka, kin ji ilimi ko?"

Sai na ce masa kakansa yana da irinta tun kafin a haifi ubansa, kuma kullum tsaki yake yi mata.