Zuwa Gaida Mai Girma a Birmingham

Asabar: daga Rusholme

Ƙarfe biyar na asuba na ja ƙofar ɗakin da nake haya a Rusholme, ana yayyafin nan na Manchester mai bin mutum a hankali har ƙashi. Titin Wilmslow da ke cika da hayaƙin gashin nama da dare ya yi tsit, sai masu shara. Na tare bas, direban ya dube ni ya ce da Turanci, "Sammako haka?" Na ce masa dole ce, ya ce dole ce ta fito da mu duka.

Bari in faɗi dolen tawa, kada ku ɗauka yawon buɗe ido na tafi. Sunana Bilkisu, shekara goma sha ɗaya ina koyar da tarihi a kwalejin ilimi ta jiharmu. An ba ni hutun karatu na zo yin digiri na uku, sai hutun ya ƙare saura wata uku in kare kundina. Daga gida aka ce in koma bakin aiki ƙarshen wata, ko a ɗauka na ajiye shi. Shugaban kwaleji ya ce ƙarin hutu ya fi ƙarfinsa, sai kwamishina. Kwamishina ya ce a jihar nan ko kujera ba a gusarwa sai Mai Girma ya ce a gusar. To ga Mai Girma gwamna ya zo Birmingham ganin likita, kuma an ce zai karɓi gaisuwar ɗaliban jiha.

Abin takaicin, kundin nawa a kan sarakunan Turai ne na shekaru ɗari uku da wani abu da suka wuce, waɗanda suka tattare iko duka a tafin hannunsu, da yadda talakawansu suka yi ta cika suna batsewa. Shekara huɗu ina karanta koken mutanen da suka daɗe da zama ƙasa, ga shi yau na ɗauko nawa.

Doguwar motar Birmingham fam goma sha ɗaya ce, tafiyar mil tamanin da 'yan kai. A zaune na yi sallar asuba. Gyaran hanya ya riƙe mu wajen Stoke, ba mu sauka ba sai tara saura.

Sparkhill

A wani shagon shayi na 'yan Pakistan a titin Stratford, unguwar Sparkhill ta Birmingham, muka haɗu, mu kusan ashirin, daga garuruwa dabam-dabam. Babbanmu shi ne Dakta Garba, shugaban ƙungiyar ɗaliban jiha, mutum mai furfura da sanyin magana. Shi zai yi magana da yawunmu, don kun san ba kowa ke buɗe baki a gaban manya ba. Muna cin waina irin tasu mai maiƙo, kowa na zuwa yana sauke masa damuwarsa. Na faɗa masa tawa.

Ya ce, "Malama Bilkisu, ki kwantar da hankalinki. Case ɗinki ai straightforward ne, kalma ɗaya zai faɗa. Da shi zan fara."

Na ji sanyi a raina, har na ƙara shayi.

Da hantsi muka isa otal ɗin da Mai Girma ya sauka a tsakiyar gari. Wani mai kwat da waya biyu a hannu, wai shi ne jami'in tsare-tsare, ya zaunar da mu a falon ƙasa ya ce, "Oga yana resting." Muka zauna muna kallon masu hawa da sauka. Wannan hula ya riƙo, wancan butar shayi, wani kuma takalmi, kowanne yana tafe yana hura hanci kamar shi ya haifi gwamnan. A babi na biyu na kundina akwai manyan fadawan wani sarkin Faransa da ke tsayuwa kowace safiya su kalli tashinsa daga barci, har gaba ake yi kan wanda zai miƙa masa riga. Lokacin da nake rubuta babin dariya na yi ta yi musu. Ranar nan da za a ce in ɗauki butar shayin in hau sama da ita, wallahi da gudu zan ɗauka.

Muka yi azahar a wani lungu, muka yi la'asar a nan, har duhu ya fara. Sai mai kwat ya sauko ya ce mu dawo gobe.

Erdington

Na kwana a unguwar Erdington, gidan Anti Ladi, ma'aikaciyar jinya 'yar jiharmu, wadda suka yi maƙwabtaka da mahaifiyata tun kafin a haife ni. Ta dawo daga gwajin waƙar coci ta same ni a ƙofa ina rawar ɗari. Ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, ta shimfiɗa mini sabon tawul a falo don in yi salla.

Muna cin abinci ta ce, "Wai su sarakunan nan naki, yaya suka ƙare?"

"Ɗaya dai a ƙasar nan aka sare masa kai, Anti. Shekara da shekaru ya yi yana mulki ba majalisa, yana ƙaƙaba haraji yadda ya ga dama. Maƙeran garin nan naku ma suna cikin waɗanda suka ƙera wa masu yaƙarsa takubba."

"Talakawan fa, sun huta?"

"Ina fa. Su suka sha wuya kafin yaƙin, su suka sha bayansa."

Ta girgiza kai. "Ni dai shawarata, gobe ki yi magana da bakinki. A ward ɗinmu patient ɗin da ya yi shiru shi ake mantawa."

"Haba Anti, ga dattijo a wurin, ni mace in tsallake shi? Cewa za a yi Turai ta lalata ni."

Ta ce, "To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Lahadi: otal

Bayan azahar aka hau da mu. A bakin ƙofa muka tuɓe takalma, muka zube a kan kafet, maza a gaba, mu mata huɗu can baya kusa da ƙofa. Mai Girma yana zaune cikin farar jallabiya, ya rame, kuma gaskiya da fara'a ya karɓe mu. Da ya ɗaure fuska ma da abin bai ci mini rai haka ba.

Dakta Garba ya gyara zama ya fara. Ya yabi tituna, ya yabi rijiyoyin burtsatse, ya yabi sabon asibitin jiha a gaban mutumin da ya tsallake shi ya zo Ingila a duba masa jini. Ya yi addu'a muka shafa. Sai Mai Girma ya ce, "To madalla. Akwai wata matsala?"

Dakta ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu, ranka ya daɗe, sai godiya."

Ban tsorata ba, don haka ake yi. Babba ya tambaye ka, ba ka zazzage masa buhu a karon farko. Sai ya ce, a'a, ku faɗa mana, ai ni ubanku ne, sannan ka fito da abin a hankali. Duk muka yi shiru muna jiran tambaya ta biyu.

Mai Girma ya dafa gwiwa ya miƙe. "Alhamdu lillahi. Kun ji ko? Ana ta cewa ɗalibanmu suna wahala, ga su da bakinsu. A zo a yi hoto."

Na ɗaga murya daga can baya na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana." Hayaniyar masu tashi ta danne ni. Mai kwat ne kaɗai ya ji, ya tare ni da hannu ya ce, "Madam, please, lokacin maganin Oga ya yi." Ya tura ni gefen layin hoto, aka haska mu, aka buɗe mana ƙofa.

Muna neman takalmanmu na ce, "Dakta, me ke nan?"

Idonsa ya yi ja. "Wallahi Malama jira nake ya sake tambaya. Ai babba sau biyu yake tambaya."

Ban iya zaginsa ba, ko da yake zagin yana bakina. Da ladabin da aka koya mana duka ya yanka ni. A bakin titi kuwa sai ga bakin kowa ya buɗe. Wani mai karatun injiniya ya rantse ko gawarsa ba za ta koma jihar ba. Wata ta ce Allah ya isa. Mutum ashirin masu digiri bibbiyu, muna ta kumfar baki a inda ba mai jin mu sai tattabaru. Irin wannan gunagunin na bayan fage na cika babi guda da shi, na san kuma ba ranar da aka fara shi yake yin aiki ba. Ni ko wata uku kawai nake nema.

Komawa

Motar ƙarfe biyar na samu. Mun bar gari kaɗan na kira maigidana a gida, shi ke riƙe da 'yarmu Hanifa tun da na taho. Na ba shi labari bai katse ni ba.

Na ce, "Abban Hanifa, ba zan dawo ƙarshen wata ba. Sai na kare kundin nan."

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya fa, Bilkisu."

"Na sani."

"To. Allah ya sa haka ya fi alheri. Ni zan faɗa wa Hanifa."

Wajen Stafford wata ƙawata ta turo mini hoton, har an sa shi a shafin gwamnati, an rubuta cewa ɗaliban jiha a Ingila sun nuna gamsuwarsu. Ga ni a ƙarshen layi, rabin fuskata ya fito. Na kife wayar na yi kukana a hankali, tsohuwar Baturiyar da ke gefena ta miƙo mini alewa ba ta tambaye ni komai ba.

Na iso Rusholme da isha, lafiya lau, ba ni da aiki. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Anti Ladi da tuwonta da shawarar da ban bi da wuri ba, na gode wa maigidana da baiwar Allahn nan mai alewa. Mai Girma kuwa, an riga an yi masa godiya a madadina.