Neman Kibod Mai Ƙara Don Baba

Tsibiri, ranar Talata, ƙarfe shida saura kwata na safe

Ana idar da sallar asuba na saɓa jakata. Baba yana zaune a zaure kan buzunsa, ya gane takuna tun kafin in yi sallama, don tunda idanunsa suka dushe kunnensa ya zama abin tsoro.

"Uwani, kin dai ji abin da nic ce miki. Kak ki sawo min bebe. Ki runtse ido ki latsa. In ba ki jiya ba, ni ma ba ni ji."

Uwani ba sunana ba ne. Ni ce 'yar farinsa, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, sai kunya biyu ta haɗu masa. Tunda nake ban taɓa jin sunana na yanka a bakinsa ba.

Baba ya yi shekaru yana buga tafireta a ofishin aikin noman rani, yatsunsa sun san gidan kowane baƙi ba sai da ido ba. Yanzu so yake ya rubuta sunayen mutanen tsohon ƙauyenmu, wanda ruwan madatsar Bakolori ya shanye, gida gida, tun kafin su zube daga kansa. Sa'o'insa da suka san wurin sun kusa ƙarewa. Na ce ya faɗa in rubuta, ya ƙi, wai a baki sunayen tsere masa suke yi, a yatsu ne suke zuwa a jere. Tafiretar ta daɗe da mutuwa. Ƙanena ya ba mu tsohuwar kwamfuta, amma kibod ɗinta laushi gare shi kamar ana danna ƙullu, ba ya ko tari. Baba ya gwada kwana biyu ya ture shi gefe, ya daina ma zancen. Wannan shirun nasa ne ya tayar da ni.

Kowa da shawararsa. Ƙanena ya ce Kano, malaman makarantar da nake koyarwa rabi suka ce Gusau rabi Sakkwato. Ni kuwa kwana biyu kacal aka ba ni, sai na ce bari in fara da ƙofar gida.

Maradun, ƙarfe shida da rabi

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a bakin tasha. Shago ɗaya aka nuna mini mai kayan kwamfuta, shi ma da kwado. Mai shayin da ke kusa ya ce, "Malama, yau hwa Talata ta. Mai shagon tun da duhu yat tahi kasuwa Mafara." Na ci masa mai zafi da ƙuli, na shiga mota, ba ta cika ba sai takwas saura.

Da hanya ta bi ta gefen madatsar na leƙa ta taga. Ruwa shimfiɗe har iyakar gani, ga masunta can nesa. A wani wuri a ƙarƙashinsa ɗakin da aka haife ni yake, ban ma san ta wace kusurwa ba. Gaba kaɗan muka tarar da shingen 'yan sanda, ɗaya ya ga wayar tsohon kibod ta leƙo daga jakata, ya tambaya.

Direba ya riga ni: "Ranka ya daɗe, mara lahiya na, asibiti za ta kai shi." Aka yi dariya, aka ɗaga mana katako.

Talata Mafara, ƙarfe tara

Kasuwa ta cika maƙil, buhunan albasa da shinkafa har kan titi. Shago na farko mai gilashi ne da fanka. Mai shagon ya zaro sabo dal daga kwali.

"Hajiya, wanga shi aka yayi. Ko jinjiri na kwana gab da ke, ba shi tashi."

Wato abin da na zo gudu shi yake mini talla. Na runtse ido na latsa, ko ƙus. A shago na biyu da na sake runtse ido, wasu masu jiran hoto suka fara ƙyaƙyatawa, ɗaya har da cewa ko duba nake yi. Raina ya ɓaci, na ce masa e, kuma na duba na ga ba shi da aikin yi. Na fita.

Wajen azahar na faɗa shagon wata mata mai buga wa mutane takardu, na nemi ruwan alwala. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta yi dariya ba.

"Irin na dauri kika biɗa," in ji ta. "Masu gilashi ba su aje shi. Tahi Bakura, ki tambayi Malam Garba mai gyaran rediyo. Shi ka sayen tarkacen da ofisoshi sunka yar."

Bakura, ƙarfe huɗu na yamma

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, jiran fasinja ne ya cinye yinin. Na tarar Malam Garba ya tafi Damri duba albasarsa, sai gobe. Na sauka gidan Goggo, ƙanwar Baba, ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kifi. Da ta ji abin da ya kawo ni ta ce in gaya wa yayanta kada ya manta da gidan masaƙa na bayan rijiya, sannan ta share ido da gefen mayafi.

Laraba, ƙarfe takwas na safe

Malam Garba dattijo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare. Bayan doguwar gaisuwa ya jawo wani buhu ya zazzage. Can ƙasa akwai wani mai nauyi, ya yi jajir da tsufa. Na runtse ido na latsa. Ƙwas! Ƙwas! Sai da tsigar jikina ta tashi, don ƙarar da nake ji ke nan tun ina yarinya in na kai wa Baba abinci ofis.

Da na buɗe ido murna ta koma ciki. Baƙaƙen duk sun goge, maɓallan sumul kamar bayan ludayi. Na ajiye shi da haushi.

"Malam Garba, ai wannan ko harafi ɗaya babu. Kwana biyu ina yawo, in koma da abin da ba ya karantuwa?"

"Shi ya hana kowa ɗaukatai," in ji shi. "Wa za ki kai ma?"

Na gaya masa labarin Baba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"To ɗiyata, shi Malam da mi zai ga baƙin?"

Kunya ta rufe ni. Ina ɗauke da saƙon makaho, amma da idona nake ta zaɓe. Ya gwada kan wayar da na tsohon da na zo da shi, suka zo daidai. Ya share ƙurar da gashin kaza, ya naɗe mini shi a buhun siminti, ya ce in gai da Malam ko da bai san shi ba.

Tsibiri, bayan la'asar

Muka tayar da ƙaramin janareta. Baba ya shafa kibod ɗin daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗora yatsu, ya latsa ɗaya. Ya karkata kai yana saurare, sai na ga ya gyara zama kamar yadda yake yi a ofis.

"Wanga na magana," ya ce.

Ya fara daga gidan liman. Yana bugawa ina karanta masa daga gilashin kwamfutar don ya tabbatar. Gidan maƙera, gidan masaƙa na bayan rijiya, mai gida da matansa da 'ya'yansa, ba ya ko tsayawa tunani. Da ya iso gidanmu ya buga sunan kakana, da kakata, da nasa, da na marigayiya Inna. Sai ya dakata. Sannan a hankali ya buga layi ɗaya.

Hauwa'u, ita ce ta ƙarshe da aka haifa a garin kafin ruwa.

Sunana na yanka ke nan, na tsaya ina kallonsa a gilashin na manta da karantawa.

"Uwani, kin yi shiru. Na yi kure?"

"A'a Baba," na ce, hawaye na zuba. "Daidai yake."

Ya kau da kai wajen bango, ya ci gaba da gidan maƙwabta.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Goggo, da matar nan ta Mafara da ko sunanta ban tambaya ba, da Malam Garba da ya ajiye abin da kowa ya raina. Yanzu haka da nake rubuta wannan ina jin ƙarar daga zaure, Baba ya kai unguwar masunta.