Hantsar Wando da Sunan Baba Haladu

Cikin duk shekarun da na yi ina koyarwa a Guangzhou, ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba ita ce Larabar da na zauna a ƙasa gaban kwamitin kwaleji wandona ya yage, kuma da gangan na yi. Ku da kuke gama karatu kuna neman aikin koyarwa a nan, gara ku ji daga bakina, don mutanenmu na unguwar Dengfeng sun riga sun ƙara wa labarin gishiri.

Inda nake aiki ba jami'a ba ce. Kwalejin koyon sana'a ce ta shekara uku, inda 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ke shiga su fito su kama aiki a masana'anta. Ina sashen tufafi, ina koyar da awo da yanka. Matakan malamai huɗu ne: mataimakin malami, malami, mataimakin farfesa, sai farfesa. Ina mataki na biyu, kuma da yake ni baƙo ne, shekara-shekara ake sabunta kwantiragina. In ba a sabunta ba takardar zama ta mutu, sai haɗa kaya.

Dab da ƙarshen zango aka ce masu duba makarantu suna tafe, kowane malami ya cike fom na shafinsa na intanet: inda ya yi karatu da abin da yake bincike a kai. Wani abokin aikina ya yi digiri na uku kan zaren da ke auna zafin jiki, wata kan rinin da ba ya ɓata ruwa. Akwai kuma dattijo Chen, wanda ya tsufa a masana'antar riguna kafin ya shigo aji. Ban raina na kowa ba. Ni dai a layin farko na rubuta: shekara tara a rumfar Baba Haladu tela, Fagge, Kano. Sannan difloma, sannan digiri na biyu da na yi a nan Sin. A gurbin bincike na sa: dalilin da ya sa wandon da ake ɗinkawa a nan yake yagewa idan mai shi ya zauna tahiya.

Ba raha nake yi ba. Duk Juma'a a Masallacin Huaisheng ina sahu ɗaya da 'yan kasuwar Maraɗi da Yamai da Kano, kuma kunnen tela ba ya kuskure ƙarar tsinkewar zare. Wandon nan don mai zama a kujera aka yanka shi. Mu kuwa kullum a durƙushe muke, mu naɗe ƙafa a salla, mu ci tuwo a tabarma. Baba Haladu yakan saka wani ƙyalle mai kusurwa huɗu a hantsa, wato tsakanin ƙafafun wando, yankakke a karkace don ya riƙa buɗewa da jiki. Na daɗe ina auna mutane, ina neman yadda yankan nan zai hau injin masana'anta.

Washegari shugabar sashe, Farfesa Luo, ta kira ni ofis. Mutuniyar kirki ce, ita ta ɗauke ni aiki. Ta miƙo min fom ɗina an sake buga shi. Layin Baba Haladu ya yi ɓatan dabo, bincikena kuma ya koma "tsarin tufafin zamani don kasuwannin duniya".

"Malam Sani, sa hannu kawai," in ji ta. "Haka ya fi kyan gani."

"Ranki ya daɗe, ina malamina?"

"Ya ba ka takardar shaida? Yana da hatimi?"

"Ba shi da shi."

"To, meiyou," ta ce, wato babu. "Abin da ba hatimi ba karatu ba ne a fom. Kuma ka tuna ranar Laraba kwamiti zai zauna kan kwantiraginka."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A wurinmu wanda ya koya maka sana'a uba ne. Ranar da Baba Haladu ya yaye ni, telolin layinmu ya tara aka shafa fatiha, ya damƙa min almakashinsa. Ya rasu ina shekarar farko a Sin, ko jana'izarsa ban samu ba. Yanzu kuma ni, da hannun da ya koya wa riƙon almakashi, in sa hannu a kan bai koya min komai ba? Na ajiye mata biron na fito.

A gida matata ta ce, "Abban Hafsa, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Yaran nan suna tsakiyar karatu fa." Gaskiya ta faɗa, kuma ba zan ɓoye muku ba, na tsorata. Amma na kasa haɗiye abin.

Ƙa'idar zaman ita ce a ba malami minti goma ya bayyana aikinsa na shekara, sannan a yi masa tambayoyi. Mutum biyar ne a teburi, mataimakin shugaban kwaleji a tsakiya, Farfesa Luo da dattijo Chen a gefe. Na shigo da doguwar riga har idon sawu, a ƙarƙashinta wando ne da na yanka daidai da zanen da kwalejin ke koyarwa, ban rage ko zare ɗaya ba.

"Ba zan cika ku da surutu ba," na ce. "A garinmu ana cewa gani ya kori ji. Ga yadda masu sayen kayanku suke zama sau biyar a rana."

Na durƙusa, na naɗe ƙafar hagu, na zauna a kanta. Ɓarrr! Hantsar wandon ta yage. Farfesa Luo ta sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ta shige. Dattijo Chen ne ya fara dariya, har da dukan teburi. Na nemi izni na fita, na canza zuwa wandon da na yanka irin na Baba Haladu, na dawo na zauna na tashi har sau uku. Ko ƙis. Chen ya karɓi wani wandon irinsa da na riƙo a jaka, ya juya cikinsa, ya daɗe yana jan ƙyallen nan da yatsu.

Mataimakin shugaba ya ce, "A wace jami'a aka ƙirƙiro wannan?"

Na ce, "A rumfar da kuka goge, ranka ya daɗe."

An sabunta kwantiragina, an kuma bar min bincikena da kalmomina. Amma kan sunan Baba Haladu suka kafe: ba hatimi, ba shiga. Na ce to a cire difloma da digirin ma, don ba zan jera rassa in ɓoye saiwa ba. Farfesa Luo ta ja ni gefe ta ce muddin gurbin karatu na fanko, ba zan iya neman mataimakin farfesa ba. Na ce na ji. Har yau gurbin nan a shafina fari fat yake, kuma waɗanda suka zo bayana sun wuce ni. Yana min ciwo wani lokaci, ba zan ce ba ya yi ba.

Sai dai aji nawa ne. A takardun darasi na sa wa yankan nan suna "yankan Haladu", kuma duk ɗalibin da ya bi ta hannuna da wannan suna ya san shi, da shi kuma yake tafiya masana'anta.

Bara ina ratsa wata babbar kasuwar tufafi a unguwar Guangyuan, na ji wani Alhaji Bamaraɗe yana ciniki da wata mai shago, Basiniya da ban taɓa gani ba. Yana jan hantsar wando yana cewa, "Wancan karon duka sun yage mini, hajiya." Ta fizge wandon ta buɗe masa cikinsa, ta ce da 'yar Hausarta ta kasuwa, "Maigida, wannan Haladu! Ba yage!" Na tsaya cak a tsakiyar jama'a, hawaye suka zubo min.

Abin da na koya ke nan game da aikin nan. Ku nemi takarda, don ita ke buɗe ƙofa, kuma kada ku ɗauki masu riƙe da fom a matsayin mugaye, tsoron na sama da su suke ji. Amma in an tambaye ku inda kuka yi karatu, ku fara da wanda ya fara kama hannunku. Kwalejin ta hana Baba Haladu layi ɗaya a shafinta, ga shi yau ana ciniki da sunansa a garin da bai taɓa jin labarinsa ba. Allah Ya jiƙansa.